Fashin Baƙi: Shin mai matsakaicin maki zai iya samun gurbin karatun likita a Bauchi da Gombe?

Yaro ya ci 228 a jarrabawar JAMB, takardarsa ta WAEC cike take da C4 da C5, alhali tun yana firamare gida ke kiransa Dakta. Ko kuma yarinya ce da ta gama digiri a Bayokemistiri da CGPA (matsakaicin makin jami'a) 3.1, har gobe ranta na kan aikin likita. Shin waɗannan sai su haƙura ke nan, ko da sauran hanya?

Duk shekara da zarar JAMB ta saki sakamako sai wannan tambaya ta dawo, daga majalisun Wunti da Yalwa a Bauchi har Pantami da Jekadafari a Gombe. Amsoshi biyu aka fi ji. Wani ya ce in ba ka kai 300 ba, ka cire rai kawai. Wani kuma ya ce ai mu 'yan Arewa ne, akwai kason da aka ware mana, ko 200 ka ci za a ba ka. Kowanne ya riƙe gefen gaskiya ya saki sauran, kuma a tsakanin maganganun nan biyu ne yara da yawa ke asarar shekaru, iyaye kuma ke asarar kuɗi.

Wane maki ake nufi tukuna?

Idan aka ce makin mutum bai kai ba, abubuwa uku ne daban-daban ake haɗawa a baki ɗaya, kuma maganin kowanne daban ne.

Na farko sakamakon sakandare ne, WAEC ko NECO. Karatun likita na buƙatar kiredit a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit yana farawa daga C6 ya hau har A1. Jami'o'i da dama suna sharɗanta cewa biyar ɗin nan a zama ɗaya aka same su, ba a haɗa rabin WAEC da rabin NECO ba. Wannan sharaɗin shi kaɗai yana fitar da yara da yawa tun kafin a duba makin JAMB ɗinsu, kuma galibi ba su ma san abin da ya kayar da su ba.

Na biyu makin JAMB ne, wanda ake lissafawa a kan 400. Mai neman likita yana zana Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, tambayoyi 180 a cikin awa biyu, a kwamfuta.

Na uku shi ne CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara a jami'a. Yawancin jami'o'inmu a kan 5.0 suke aunawa. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa. CGPA ba ya shafar wanda ya fito daga sakandare kai-tsaye. Wanda yake shafa shi ne mai son sauya sashe a cikin jami'a, da mai digiri da ke son dawowa ya karanci likitanci.

A nan ne wani ruɗani ke shigowa ta wayar salula. Yaranmu suna kallon bidiyon ɗaliban Amurka suna ba da labarin yadda suka shiga makarantar likita duk da ƙarancin GPA ɗinsu, sai su ɗauka shawarar za ta yi aiki a jami'o'inmu da ke Gubi a Bauchi ko Tudun Wadan Gombe. Tsarin Amurka wani abu ne daban. A can sai ka gama digirin farko na shekara huɗu kafin ka nemi karatun likita. Makinsu a kan 4.0 yake, kuma matsakaicin waɗanda ake ɗauka yana wajajen 3.7 zuwa 3.8, don haka wanda ke kukan cewa nasa 3.4 ya yi kaɗan ba ajinsu ɗaya da mai 3.4 a kan 5.0 ba. Suna da wata jarrabawa, MCAT, da ake ci daga 472 zuwa 528, wadda mutum kan yi ƙoƙari ya rufe raunin GPA da ita. Sannan suna karanta wasiƙar da mai nema ya rubuta game da kansa, da shaidar malamansa, da aikin sa-kai da ya yi a asibiti, su kuma gana da shi. A Najeriya, ga mai shigowa ta JAMB, babu wanda zai karanta labarin rayuwarka. Lamba ce ke magana.

Me ya sa makin da JAMB ta yanke ba ya kai mutum ajin likita?

A shekarar 2025 taron JAMB da shugabannin makarantu ya tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Iyaye da dama sun ji wannan a rediyo, suka ce to ai ɗanmu ya wuce da nisa. Abin da 150 ke nufi shi ne babu jami'ar da aka yarda ta ɗauki wanda ya gaza hakan. Ba alkawarin gurbi ba ne. Kowace jami'a tana ɗora nata makin a kai, kowane sashe kuma yana da nasa, na likita kuwa shi ke can ƙololuwa.

Dalili shi ne kujerun a ƙirge suke. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Sunan kowane ɗalibi sai ya shiga kundin majalisar, in ba haka ba ko ya gama ba za a ba shi lasisin aiki ba. Makarantar da ta zarce adadinta tana jawo wa kanta hukunci, ta kuma jefa ɗalibanta cikin wahala. Abin kamar motar tasha ne: riƙe kuɗin mota a hannu ba shi ke ba ka kujera ba in ta riga ta cika da waɗanda suka sha gabanka.

Saboda haka babu wani tsayayyen maki da za a ce shi ne na likita har abada. Jami'a tana jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, ta ɗiba har kujeru su ƙare. Makin wanda ya shiga a ƙarshe shi ne iyakar wannan shekarar. Bana yana iya hawa, baɗi ya sauka, gwargwadon yadda jarrabawa ta zo da kuma yawan waɗanda suka nema.

Yana da kyau a san inda 228 ɗin nan ya faɗa a faɗin ƙasa. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin kimanin mutum miliyan 1.9 da suka zana, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa dubu goma sha biyu ne da 'yan ɗaruruwa. Ke nan mai 228 ba dolo ba ne, ya wuce mafi yawan sa'o'insa. Matsalarsa ita ce ba da dukan ƙasa yake takara ba. Da masu manyan maki yake karawa, domin da yawansu likita suke cikewa.

Gwamnatin tarayya ta ce ta faɗaɗa ƙofar. A 2024 ta sanar da ninka adadin ɗaliban likita da aka amince a ɗauka daga wajen 5,000 zuwa wajen 10,000 a shekara, a daidai lokacin da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ke cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma ba su wuce 55,000 ba. A yankinmu ma an samu ƙari. Bayan Kwalejin Kimiyyar Likitanci ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da asibitin koyarwarta a Bauchi, da ta Jami'ar Jihar Gombe da ke horar da ɗalibanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, an kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare a 2021. A da, ɗan Bauchi ko Gombe sai ya nufi Maiduguri, Zariya, Kano, Jos ko Sakkwato. Sauƙi ne babba. Sai dai kujeru 10,000 a ƙasar da kusan mutum miliyan biyu ke zana JAMB ba za su ishi kowa ba.

Kason "'yan Arewa" da ake ta faɗa

Akwai shi, amma ba yadda ake ba da labarinsa ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu rauni a fannin ilimi. Bauchi da Gombe duka suna cikin wannan rukuni na ƙarshe, tare da kusan dukan jihohin Arewa da wasu 'yan ƙalilan na Kudu irin su Ebonyi da Bayelsa.

Amfanin wannan ga ɗan Toro ko ɗan Dukku shi ne yana da layi fiye da ɗaya da zai iya shiga ta ciki, muddin ya zaɓi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta. Wanda ya bar ATBU ko Azare ya cike wata jami'a a Kudu maso Yamma ya zubar da kaso 35 ɗin nan da hannunsa. Amma kason ba ya soke takara, wurinta kawai yake sauyawa. A cikin layin 'yan jiha ma jerawa ake yi daga sama, kuma Bauchi da Gombe ba su rasa yara masu 280 da 300 ba, musamman waɗanda suka fito daga makarantun kimiyya na kwana da makarantun kuɗi. Jami'ar jiha kuwa tana fifita 'yan jiharta, ta kuma yi la'akari da ƙananan hukumomi, don haka maki ɗaya yana iya shigar da ɗan wata ƙaramar hukuma ya bar ɗan wata a waje.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda ake haɗa maki. Kowace jami'a da tsarinta, kuma takan bayyana shi a sanarwar tantancewa. Mu ɗauki misali kawai: a ce makaranta ta ba JAMB kashi 50, ta ba tantancewa ko darajar WAEC kashi 50. Mai 280 zai samu 35, mai 240 ya samu 30. Tazarar maki 40 da ta tsorata kowa a gida ta koma 5. Idan mai 240 yana da A1 da B2 a darussan kimiyya, ɗayan kuma C5 da C6 ne, ana iya wayar gari na ƙasa ya hau sama. Shi ya sa kafin yaro ya cike fom ya kamata ya nemi tsarin lissafin makarantar ya zauna da biro da takarda. Wanda ƙarfinsa ke WAEC ya nemi inda ake ba WAEC nauyi. Wanda WAEC ɗinsa ke da rauni ya nemi inda ake rubuta jarrabawar tantancewa.

Idan raunin a WAEC ko JAMB yake

Wannan shi ne mafi sauƙin gyara, ko da yake shi ne gida suka fi ƙi. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, kuma babu dokar da ta hana sake zama. Sakamakon sakandare ma ana sabunta shi ta jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO. Abin da ke hana mutane shi ne kunya: sa'o'insa sun tafi jami'a, shi yana gida, maƙwabta suna tambaya.

Akwai kuma IJMB, shirin share fage na kusan shekara ɗaya da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa, da takwaransa JUPEB. Wanda ya yi fice a Fiziks, Kemistiri da Bayoloji yana iya neman shiga aji biyu kai-tsaye. Amma kada a ɗauka hanya ce ta masu rauni. Kujerun shiga kai-tsaye a sashen likita 'yan kaɗan ne, makin da ake nema kuma yana dab da ƙarshen abin da ake iya samu. Yaron da Kemistirin sakandare ya gagara, na IJMB ya fi shi zurfi. Amfanin shirin na gaskiya shi ne yana gina tushe, har yaro ya iya haɗa shi da sake zana JAMB a shekara guda, ya jefa ƙugiya biyu.

"Ka karɓi abin da aka ba ka, daga baya ka canza"

A ganina babu shawarar da ta fi wannan cin yara a yankinmu. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Yaro ya nemi likita, aka tura masa tayin Bayokemistiri, Anatomi, Fiziyoloji ko Maikirobayoloji. Sai kawu ya ce, "Ɗana, karɓi kawai, in ka shiga ciki ai komai mai sauƙi ne, aji biyu sai a mayar da kai." Yaro ya karɓa da wannan niyyar, ba don yana son fannin ba.

Ga abin da ba a gaya masa ba. Adadin da MDCN ta ƙayyade bai ƙaru ba don shi ya shigo. Kujera ba ta samuwa a aji biyu sai wani ya faɗi a aji ɗaya, kuma a kan wannan kujerar akwai masu IJMB, akwai masu digiri, akwai ɗaruruwan irinsa daga sassan kimiyya da suka shigo da buri ɗaya. A makarantun da ke yarda da sauyin, waɗanda CGPA ɗinsu ke matakin daraja ta ɗaya ake dubawa. Wasu makarantun kuwa ba su yarda da shi sam. To wanda ya zo da matsakaicin maki tun farko, me zai sa a ɗauka cewa a shekararsa ta farko a jami'a, yana fama da sabon wuri, cunkoson aji da neman wurin kwana, zai doke kowa? Yana yiwuwa, an kuma ga waɗanda suka yi. Amma kowa labarin mutum ɗayan da ya haye yake bayarwa, ba a jin na sauran da suka ƙare shekara huɗu suna karanta abin da ba sa so, ransu a wani wuri, suka fita da daraja ta biyu ta ƙasa. Wannan darajar kuma, kamar yadda za mu gani, ita ke rufe ƙofa ta gaba.

A lissafa shekarun. Yaro mai 18 da ya haƙura ya sake JAMB ya shiga yana 19, zai gama shekara shida yana 25. Wanda ya bi ta digiri zai gama yana 22, ya yi bautar ƙasa ya kai 23, in an yi sa'a ya samu aji biyu ya ƙara shekara biyar, ya gama yana 28. Wannan kuma in babu yajin aiki ke nan, alhali na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2020 ya ci wajen wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Shekara ɗayan da ake gudu ta zaman gida ta fi arha nesa ba kusa ba. Ga 'ya mace lissafin ya fi tsanani, domin maganar aure kan shigo a tsakiya, kuma ba kowane gida ke jure jiran shekara goma ba, duk da cewa babu abin da asibitocinmu ke nema kamar likitoci mata.

Ba ina cewa kada a karɓi wani fanni ba. In za a karɓa, a karɓa da zuciya ɗaya, a karanta shi kamar shi aka nema. Wanda kuma ya shiga yana son sake gwada JAMB daga ciki yana da dama, sai dai JAMB na buƙatar ya bayyana cewa shi ɗalibi ne a wata makaranta, kada ya ɓoye.

Sai batun "akwai wani mutum a ciki". Tun 2017 duk gurbin karatu na halal ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Jami'a ta ba da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya gani a shafinsa ya danna karɓa ko ƙi. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai saka suna a jerin likita, a tambaye shi abu ɗaya: zai fito a CAPS da sunan wannan kwas ɗin? Gurbin da ba ya can, ko wanda ke can da sunan wani fanni daban, rigima ce ke jiran ɗalibi a ranar rajistar MDCN da ranar tafiya bautar ƙasa.

Mai digiri da CGPA 3.1 fa?

Jami'o'in da ke karɓar masu digiri zuwa aji biyu na likita galibi daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama suke nema, a fannin kimiyya mai alaƙa. Mai 3.50 ya cika sharaɗi a takarda, amma a layi yana bayan masu 4.3 da 4.6. Mai 3.1 kuwa a yawancin wurare fom ɗinsa ba zai wuce matakin farko ba. Digiri na biyu ba kasafai yake wanke wannan ba, domin darajar digirin farko ake tambaya.

Amma akwai abin da mutane ke mantawa: JAMB ba ta tambayar CGPA. Mai digiri yana iya sayen fom kamar kowa ya nemi aji ɗaya, a auna shi da WAEC da makin da ya ci. Wanda ya yi shekara huɗu yana Bayokemistiri, in ya zauna ya yi bita da gaske, yana da fifiko a kan ɗan sakandare a Kemistiri da Bayoloji. Farashin shi ne shekara shida cif, da zama aji ɗaya da ƙannen bayansa, da tambayar wa zai ɗauki nauyi. Ga wanda ke da iyali, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne, kuma babu laifi in ya auna ya ga ba zai iya ba.

Jami'ar kuɗi da ƙasar waje

Masu hali sukan ce to a kai shi jami'a mai zaman kanta, ko a fitar da shi waje. Gaskiya ne makin shiga ya fi sauƙi a can. Kuɗin likita a jami'o'in kuɗi miliyoyin naira ne duk shekara, har shekara shida, kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai yake ɗauka. Kafin a biya ko sisi a tabbatar da abu biyu: amincewar hukumar jami'o'i ta NUC, da kuma ta MDCN. Ba abu ɗaya ba ne, makaranta tana iya samun ta farko ba ta da ta biyu.

Ƙasar waje kuwa 'yan shekarun nan sun koyar da darasi mai ɗaci. Yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, karatun ɗaliban da ke can ya koma ta intanet, MDCN kuma ta fito fili ta ce ba ta san da karatun likita ta intanet ba. A Afrilun 2023 yaƙin Sudan ya tarwatsa ɗaliban Arewa masu yawa da ke Khartum, aka kwaso su wasu suna ajin ƙarshe. A watan Yunin wannan shekarar aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, iyayen da suka yi lissafin shekara shida suka ga kuɗin ya ƙare a ta biyu. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Bayan duk wannan, wanda ya gama lafiya ya dawo sai ya zauna jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin a ba shi lasisi, kuma an sha yin zaman da fiye da rabi suka faɗi. Akwai makarantu nagari a Masar da Indiya da sauransu, akwai kuma waɗanda dillalai ke tallatawa don kamashonsu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shin adalci ne a auna likita da lamba?

Masu sukar tsarin suna da hujja. Yaron da ya yi sakandare a ƙauyen da babu malamin Fiziks, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ya ci 230, wataƙila ya fi hazaƙa a kan wanda aka kashe wa ɗaruruwan dubban naira a darasin share fage ya ci 280. Kuma shi ne ya fi yiwuwa ya yarda ya zauna a asibitin Ningi ko Nafada bayan ya gama. Haƙuri da majinyaci, iya sauraro da riƙon amana ba sa fitowa a sakamakon JAMB.

Malaman kwalejojin likitanci su ma suna da tasu. Samun gurbi somin-taɓi ne. Makin haye jarrabawar likita 50 ne, ba 40 ko 45 ba. A makarantu da dama wanda bai kawo hakan ba a darussan kimiyya na aji ɗaya ana mayar da shi wani sashe. Gaba kuma ga babbar jarrabawar Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri, wadda kan sa wasu sake zama, wasu maimaita aji, wasu a sallame su bayan shekara uku. Suna cewa tausayin da za a yi wa yaro a ƙofar shiga zalunci ne in za a kore shi a tsakiya, kuma kujerar da ya ɓata ta wani ce. Suna ƙarawa da cewa a ƙasar da alfarma ta yi yawa, ranar da aka ce a bar lamba a koma duba hali da ganawa, ɗan talaka ne zai fara fita.

Ni a nan na fi karkata ga malaman, ba don lamba ta cika adalci ba, sai don ita ce abin da ɗan mai faci a Bolari zai iya nunawa a ce ya fi ɗan kwamishina. Gyaran da ake buƙata a sakandare yake: malaman kimiyya, ɗakin gwaji mai kaya, da kwamfutar da yaro zai saba da ita kafin ranar jarrabawa.

Abin da ya rage a hannun gida

Kafin a yanke hukunci, a zauna da yaron a gano inda raunin yake. Wanda ya ci 70 cikin 100 a Bayoloji da Kemistiri amma Fiziks ya ja shi ƙasa, matsalarsa ta malami ɗaya ce da wata shida. Wanda ya zauna sau uku yana yawo tsakanin 190 da 210 duk da ƙoƙari, wannan saƙo ne da ya kamata a saurara. A kuma tambaye shi tsakani da Allah ko shi ke son aikin, ko kuwa sunan Dakta ne Baba ke so a gidan.

Asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Harhaɗa magunguna, aikin jinya, kimiyyar gwaje-gwaje, ɗaukar hoto da gashin ƙashi duka sana'o'i ne masu lasisin kansu da majalisar da ke kula da su, abin da digirin Bayokemistiri ko Maikirobayoloji ba ya bayarwa shi kaɗai. Su ma yanzu takararsu ta yi zafi, musamman jinya da harhaɗa magunguna, don haka mai 228 kada ya ɗauka a aljihu suke. A matakin kwaleji akwai Kwalejin Aikin Jinya ta Aliko Dangote a Bauchi, da Kwalejin Fasahar Lafiya ta Bill da Melinda Gates a Ningi, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Kaltungo a jihar Gombe. JAMB tana buɗe damar sauya kwas ko makaranta bayan fitar sakamako, amma jami'o'i sukan rufe rajistar tantancewarsu cikin 'yan makonni, kuma wanda bai mayar da makaranta zaɓinsa na farko ba kafin lokacin, yawanci ba a duba sunansa.